Rubutun da Yake Zuba

Kwana uku ke nan Taiba mai kunu tana ganin dattijon nan a ƙofar ofishin masu aikin dam a Talata Mafara. Ba ta san sunansa ba. Rigarsa wankakkiya ce, ta sha ɗinki a kafaɗa, maganarsa kuwa ta mutanen Maradun ce, waɗanda ruwa ya tasa.

A cinyarsa akwai takarda mai sheƙi, bayan kalanda, cike da rubutun hannu. Da alama ta jiƙe wajen ƙaura, aka shanya ta a bakin wuta cikin gaggawa. Farin da aka shafe ta da shi ya tsattsage kamar laka da rani, yana ɓarewa tare da haruffan.

"Hannun mahaifina ne," yake gaya wa wani ma'aikaci. "An ce kuna da na'ura mai gani da hasken da ido bai gani."

"Tana can Turai, Baba. Ita ma inda danƙon da ke riƙe farin takardar ya gudu kawai take nunawa. Zafi ya jawo shi sama, farin ya rasa abin riƙo daga ƙasa. Ba ta maido da rubutu."

Dattijon ya yi godiya har sau biyu. Taiba tana zaton addu'a ce uban ya bar masa, bai samu ya haddace ba, don leɓɓansa suna motsi, kullum suna tsayawa wuri ɗaya.

Ga shi yanzu durƙushe, yana tsince ɓarɓashin da ya zuba da ɗan yatsa mai yawu, yana tarawa a tafin hannu, kada a taka sunan Allah.