Barewar da Baba Bai Gani Ba

Mahaifina maharbi ne, ni kuma ma'aikacin ɗakin gwajin jini ne a wani asibiti a Riyad. An ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, to ni dai na yi rarrafen, har da jan ciki.

A shekarar da nake ba da labarinta, idon Baba na hagu ya riga ya mutu, na dama kuma yana bin sahu. Likita ya ce irin ciwon nan ba ya komawa baya. Ƙanwata, wadda ke jinyarsa a ƙauye, ta turo mini saƙon muryarsa. "Na ji an ce ƙasar da kake har yanzu akwai barewa. Tamu ta ƙare tun kana goye. Ka ɗauko mini hotonta in gani kafin fitilar ta mutu."

Ina da kyamara mai dogon hanci wadda na saya don alfahari, sai na ce ai wannan ƙaramin aiki ne. Akwai wani gandun namun daji bayan an wuce filin jirgin sama, fili ne shimfiɗaɗɗe da ke yin ciyawa idan ruwan lokacin sanyi ya sauka. Juma'a kaɗai nake hutu. Ina idar da salla a unguwar Malaz sai in kama hanya yadda nake, da farar jallabiya, jikina sharkaf da turaren Juma'a, don a garin nan wanda ya je masallaci ba ƙamshi kamar ya je ba hula ne.

Sanyin wurin ba ya wasa. Iska ce mai yanka kunne, yatsuna su ƙage har in kasa murza madubin kyamara. Nakan hango garken daga nesa, farare-farare cikin ciyawa, amma da na matsa sai su ɗaga kai gaba ɗaya su yi ƙura. Juma'ar farko na dawo da hoton sararin sama. Ta biyu na samo ƙafafun baya na guda ɗaya.

Baba yana tambaya, ni ina ce masa aiki ne ya yi yawa. Kalma ɗaya da na faɗa masa, da ya warware mini matsalar, amma ina jin kunyar a ce mai digiri biyu yana tambayar tsoho yadda ake tunkarar dabba. Girman kai rawanin tsiya, kuma na naɗa shi ya zauna daram.

A Juma'a ta uku wani dattijo ɗan Sudan, mai gadin ƙofar gandun, ya leƙo ta tagar motata ya ja numfashi.

"Ya sheikh, ɗaurin aure za ka ko daji? Wallahi tun daga kwalta na jiyo ka. Ga fararen kaya kuma. Barewa hanci gare ta."

Nan take na tuno Baba yana hana mu wanka da sabulu ranar fita, yana ɗiban toka ya sake ta don ya ga inda iska ta nufa. Na sani, tun ina ɗan shekara bakwai na sani. Na zauna cikin motar ina jin haushin kaina kamar in yi kuka.

Juma'a ta huɗu na je da tsohuwar riga ruwan ƙasa, ba turare, na kwanta a ciyawa mai raɓa iska na bugun fuskata. Wajen la'asar sakaliya wata uwar barewa ta matso har ina ganin tururin numfashinta. Na ɗauka. Ban taɓa yin hoto mai kyan wannan ba.

Tun a bakin ƙofar gandun na tura, na bi da kira. Ƙanwata ta ɗaga wayar ta ce, "Yaya, tun ranar Talata ya daina gani. Shi ya ce kada in tayar maka da hankali."

Ta miƙa masa wayar. Ya ce, "Ka samo ta?"

Na ce, "Na samo, Baba."

"Me ya tsayar da kai haka?"

Na faɗa masa gaskiya, turare ne. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ina jiyo kukan akuya a bayansa.

"Da ka tambaye ni," in ji shi. "Ai makon jiya ina gani."