Ranar da Aka Ce a Fasa Tulun Mama Damaris

Wata rana na raka gwaggona taron zumuntar mata a wata majami'ar ƙauye, can bayan Saminaka.

Wanda ya taɓa zuwa irin taron nan ya san yadda yake. Zane iri ɗaya, kallabi iri ɗaya, waƙa kuwa har ƙasa sai ta amsa.

A layin gaba akwai wata dattijuwa, Mama Damaris. Ita ke buga tulu, wannan tulun yumɓu da ke ba waƙar mata nauyi. Shekara ashirin da shida tana bugunsa.

Kusa da ita matar ɗanta ce, Keziya. Shekara tara da aure. Ciki huɗu, duka sun zube. Na ƙarshen ma saura ƙiris ya tafi da ita.

Ranar an gayyato wani baƙon mai wa'azi daga birni. Jar kwat, takalmi mai tsini, farin hankici. Ban riƙe sunansa ba, kuma ban yi asarar komai ba.

Yana tsakiyar wa'azi sai ya tsaya cak. Ya runtse ido. Ya ce Ubangiji ya nuna masa wata mace da aka ɗaure wa mahaifa, mai ɗaurin kuma a gida ɗaya suke kwana.

Sai ya nuna Mama Damaris da yatsa.

Wai a cikin tulun nan take ɓoye 'ya'yan. A fasa tulun yanzu, a cire mata kallabi!

Ku fahimce ni. A wurin matan nan, in aka cire miki kallabin zumunta a bainar jama'a, an kore ki ke nan. A ƙauye kuma, wadda aka kira mayya a gaban bagade, ko ruwa ba mai sake karɓa daga hannunta.

Wata mai rawar kai ta taso ta fizge kallabin.

Furfurar baiwar Allah ta fito fili. Tulunta kawai ta rungume, hawaye na sauka a kansa.

Ni kuwa, Allah ya gafarta mini, na yi tsit kamar kowa. Raina na tafasa, amma an ce “in ji Ubangiji”, wa zai buɗe baki?

Keziya ce ta miƙe.

“Bawan Allah, ina da tambaya.”

“Zauna, 'yata! 'Yantar da ke ake yi!”

“Wanda ya nuna maka tulun, bai nuna maka cewa ita ce ta goya ni a bayanta ba, cikin taɓo, har bakin titi, ranar da jini ya ɓalle mini? Mu dai an koya mana annabci gina mutum yake yi, ya ƙarfafa shi, ya ta'azantar da shi. Na shigo nan da uwa, kana so in fita babu ita. To, wa ka gina?”



Mutumin ya hau share gumi. Hankicin nan dai ya yi aiki ranar.

Keziya ba ta jira amsa ba. Ta karɓe kallabin daga hannun waccan, ta kaɗe shi, ta durƙusa ta ɗaura wa surukarta da hannunta.

Sai a lokacin Mama Damaris ta yi magana:

“'Yata, da ɗa ko babu ɗa, Yesu bai manta da ke ba. Ni ma ba inda za ni.”

Jama'a, in kun tambaye ni, annabcin da na ji ranar ke nan. Ba ihu, ba runtse ido. Amma ina kallo kafaɗun Keziya suka miƙe.

“Mama, buga mana,” in ji ta.

Dum.

Dum, dum.

Wata ta rangaɗa guɗa daga baya. Mata sama da ɗari suka miƙe a tare. Wadda ta fizge kallabin ta zube a ƙafafun Mama Damaris tana neman gafara. Gwaggona, mai kukan ciwon gwiwa tun daga gida, sai ga ta a tsakiyar fili tana juyi!

Baƙo bai tsaya cin shinkafa ba.

Daga baya mai babur ɗin da ya ɗauko shi daga tasha ya faɗa da bakinsa: tun a hanya mutumin ya yi ta tambayarsa wace ce ba ta haihuwa a garin, kuma da wa take zaune.

Na san kuna jira in ce Keziya ta haifi 'yan biyu. A'a. Har yanzu tana jira.

Amma da na koma bana, na same su a layin gaba, kallabi iri ɗaya. Tulun yana nan, ko tsaga babu. Mama Damaris ma ta fara koya mata bugunsa.

Darasi:

Allah bai ba ikilisiya annabci don a tsorata mutane ko a raba gida ba. Ya bayar ne don a gina, a ƙarfafa, a share hawaye, a mai da zuciya ga Almasihu. Ko tsawa ce, in daga wurinsa take, tuba take nema, ba rushe mutum ba.

Duk wanda ya ce maka “in ji Ubangiji”, kada ka raina, amma ka auna. Yi masa tambayar Keziya: wa ka gina?

Tura wannan ga wanda wani “annabci” ya raba shi da mahaifiyarsa ko ɗan'uwansa. Wataƙila yau ya ɗauki waya ya kira gida.