Katantanwa a Akwatin Kifin Dokta

Har na bar aiki ban manta da safiyar Litinin ɗin da na ga murjaninmu ya ƙi buɗewa ba. Lokacin ina shekara ta uku a wani asibitin yara mai zaman kansa a Gusau, ni ne mai kula da janareta da famfunan ruwa. Mai asibitin, wata likita da muke kira Dokta kawai, ta kafa babban akwatin gilashi a ɗakin jira, ruwan gishiri a cikinsa, da kifaye masu launi da murjani mai rai. Ta ce yaron da ya shagala da kallon kifi ba ya kukan allura tun kafin a kira shi. Ni mutumin Karakkai ne, ban taɓa ganin teku ba, amma ni aka danƙa wa akwatin.

Ga wanda bai sani ba, murjanin nan dabba ce, tana manne a jikin dutse, tana buɗewa kamar fure in ta ji daɗin ruwa. Ƙa'idar aikin kaɗan ce. Duk Asabar a sauya wani ɓangare na ruwan, a auna gishirinsa, sannan duk sabon dutsen da ya zo daga Legas sai ya yi makonni a bokiti shi kaɗai kafin ya shiga akwati. Wannan ta ƙarshen ce na karya. Dutse ya iso, na ga tsaf yake, na saka shi a ranar.

Bayan kamar wata biyu sai ga wasu ƙananan bututu masu tauri sun fito a jikin duwatsun, kowanne yana sakin zare mai yauƙi kamar saƙar gizo-gizo. Wata irin katantanwa ce da ta shigo a jikin sabon dutsen, ba ta tafiya, a manne take rayuwa, zarenta kuma yana takura wa murjani har ya rufe ya mutu.

Dokta tana Kaduna wajen taro. Malam Garba, shugaban ma'aikatanmu, manomi ne a Bilbis, ya san katantanwa a fadama. Washegarin Litinin ɗin ya zo da kwalbar maganin da ake zuba musu, ya ce in tsiyaya murfi ɗaya a gama kafin Dokta ta dawo. Na ce masa cikin ladabi ba zan iya ba, domin abin da zai kashe katantanwa zai kashe murjanin, har da manyan katantanwan da muka saka da gangan suna share gansakukar gilashi.

Ya dube ni ya ce, "Malam Isa, in akwatin nan ya lalace, wa za a tambaya?"

Na ce, "Ni za a tambaya, ranka ya daɗe. Ni na jawo katantanwan."

A gabansa na kira Dokta na faɗa mata abin da na yi. Ta ce kada kwalbar ta kusanci ruwan, a rage abincin kifi tunda ragowarsa katantanwan ke ci, a bi katantanwan da hannu ɗaya bayan ɗaya.

Haka muka yi. Kullum bayan la'asar, in marasa lafiya sun ragu, sai in ciro dutse ɗaya in sa a roba, in fasa bututun daga tushe da ɗan ƙarfe. Wanda ya shige lungu kuma in toshe bakinsa da gam. Kwana na uku Malam Garba ya jawo kujera, ya saka tabaransa, ya fara nuna mini waɗanda idona ya tsallake. Bai sake maganar kwalba ba, ni ma ban tayar ba. Mun kai mako biyar a haka. Murjani guda ɗaya, kore, wanda yara suka fi so, bai tashi ba. Sauran sun buɗe.

Dokta ta dawo tun muna cikin aikin, ba ta yi mini faɗa ba. Bokiti biyu sabbi ta aiko mini da su, na ajiye sabon dutse.

Abin da nake gaya wa masu tasowa shi ne, a aikin da ya shafi abu mai rai, ƙa'idar da ka ga kamar ɓata lokaci ce ita ke riƙe da komai. In kuma ka karya ta, ka faɗa da bakinka tun da sauran abin da za a ceta. Na gaba da kai zai fi saurin jawo kujera ya zauna kusa da kai in ya ji gaskiya.