Ran da Kwaɗi Suka Yi Shiru

A Minguettes, unguwar dogayen benaye da muke zaune, ba a hura wuta. Hawa na tara muke, kuma mahaifiyata ta ce hayaƙi kaɗan zai tara mana 'yan kwana-kwana. Amma kakata, Inna Hadiza, ba ta iya tatsuniya babu garwashi. Sai ta sa gawayi ɗaya tak a kaskon turare, mu zagaye shi bayan magariba kamar wata babbar wuta. Ina 'yar shekara tara lokacin.

Ɗanta, Kawu Sanusi, ɗan kasuwa ne a unguwar Château Rouge ta Paris. Shi ya kawo ta daga Damagaram don a yi mata aikin ido. Tana kwance da bandeji ya sa aka cike tapkin bayan gidanta da shara, ya gina magazan, wato ɗakin ajiyar leda, a kai. A bakin tapkin nan take shuka yakuwa da kuɓewa tun tana amarya. A waya ta ji labari daga maƙwabciya, ba ta ce uffan ba. Ni ce na yi ta kuka don haushi.

Ran da Kawu ya zo daga Paris da atamfofinsa na toshiyar baki, yana shan shayi sai Inna ta ce, "Yara, ku matso. Ga ta nan, yau da tsalle ta zo."

Wai a wani gari akwai kwaɗin da ke gadin tapki. In ruwa ya fara hawa sai su sauya murya, mutane su tashi su kwashe hatsi. Wani mai dukiya ya ce sun dame shi da kuka, ya yi ta zuba leda a tapkin har 'ya'yansu suka mutu. Samarin kwaɗi suka ce a faɗa rijiyarsa a ɓata masa ruwa. Uwarsu ta ce a'a.

"Shiru ya roƙa," in ji Inna da muryar tsohuwar kwaɗuwa, "to a ba shi shiru."

Damina ta zo, ruwa ya rasa gidansa, ya shiga rumbun mutumin. Yana tsaye cikin ruwa har gwiwa yana ihu, kwaɗi me ya hana ku gaya mini? Suna kan katanga suna kallonsa, babu wanda ya amsa.

"Haba Inna, shi ke nan? Ba su cije shi ba?"

"Kwaɗo na da haƙori ne, uwar surutu?"

Kawu ya yi dariya ya ƙara shayi. Wallahi a ranar na ƙulla shi a raina.

Na girma na yi karatun halittun ruwa, Kawu yana kirana Daktar Kwaɗi a gaban mutane. Bayan rasuwar Inna aka gayyace ni lacca a wani gidan kallon kifaye a Paris. Wani zai yi magana kan robar da ke kashe halittun teku, ni kuma kan ƙarewar kwaɗi. Na aika wa Kawu katin gayyata, kuma ba da zuciya ɗaya ba. So nake ya ji kunya a bainar jama'a. Na ba da tatsuniyar Inna da Faransanci, na haska hoton magazansa a bango, leda ta lulluɓe inda tapki yake a da. Ban kira suna ba, amma idona na kansa.

Da aka watse na same shi a gaban akwatin gilashin wasu ƙananan kwaɗi. Ya tsufa ƙwarai.

"Sannu da ƙoƙari, 'yata. Amma kin makara, an riga ki," in ji shi. "Shekara shida Inna ta yi a raye bayan wannan tatsuniya. In na gaishe ta, ta amsa. In na aika kaya, ta ce an gode. Ba ta sake yi mini faɗa ba ko sau ɗaya. Tana ganin zan faɗa rami sai ta ce Allah ya kiyaye hanya. Da ciwo ya kwantar da ita na je na durƙusa na ce Inna ki yafe. Ta ce, sannu da zuwa Alhaji. Kamar baƙo."

Sai a nan na gane ba mu Inna ta yi wa tatsuniyar ba. Hukuncinsa ta karanta masa a gabanmu, ta kuma cika shi har kabari. A wajenmu faɗan uwa shi ne shaidar kana da uwa, ita kuwa ta janye nata.

Ya dube ni, idanunsa sun kawo ruwa. "Ke jininta ce. Ki zage ni mana, ko zan ji sanyi."

Shekara goma sha biyar ina tara masa maganganu, duk suna bakina. Yanzu da nake da 'ya'ya nakan ce da na zazzage masa su, da sadaka na yi. Amma a ranar jakata na gyara, na ce masa Allah ya huta gajiya, ya gaida gida.