Sannun da Maryama Ta Hana 'Yarta

A Hamdara, duk wanda ya san Maryama da taɓarya ya san ta. Da dakau ta raini 'ya'ya biyar bayan rasuwar mijinta, shi ya sa ba abin da ta tsana a duniya kamar son jiki. Ko a gaban wa takan ce raggo ba ya suna.

'Yar autarta Wasila ce abin alfaharinta. Tun yarinyar tana shekara goma suke lugude a turmi ɗaya, har maƙwabta kan tsaya saurare. Sai da ta kai sha tara hannunta na hagu ya fara mutuwa. Ta ɗaga taɓarya sau ashirin, sai ya yi sanyi, ya yi nauyi, jiri ya ɗebe ta. Ba kumburi, ba miki, ba abin da za ta nuna wa mutum.

"Ciwon da ba ya hana shan fura sai dakanta?" in ji Maryama. "Tashi, ni ban haifi raguwa ba."

Shekara uku ana haka. Matan unguwa kan ce wa Wasila sannu, ta ce yawwa. Uwar kuwa ta rantse a ranta ba za ta faɗa ba, wai sannu ke ɓata yaro. Tana ganin yadda yarinyar ke satar kallon bakinta, ta kawar da kai.

Wata hantsi Wasila ta faɗi a gindin turmi, ɓarin jikinta ya shanye, bakin ya karkace. Aka kwashe ta sai asibitin Damagaram. Majo, ma'aikacin jinya, ya ɗaura mata abin awon tansiyo, wato hawan jini, a hannun hagun, shiru. Ya canja wani abin awon, shiru. Daga baya likita ya ce manyan jijiyoyin jini ne suka kumbura ta ciki har suka tsuke, na hannu da na wuya, kuma an daɗe.

Ya ɗora yatsun Maryama a wuyan hannunta ita kanta, ta ji bugu. Ya mayar da su kan na Wasila. Ta danna, ta sake dannawa, ba komai. Nan ta fashe da kukan da ko ranar mutuwar mijinta ba ta yi ba.

"Sannu, Auta," ta ce. "Sannu, 'yata."

Wasila ta dube ta, leɓen ya motsa, magana ba ta fito ba.

Yau shekara biyu ke nan. Kullum safe kafin ta taɓa turmi, Maryama kan durƙusa a bakin tabarmar ta ce sannu, sa'an nan ta tsaya jiran yawwa.