Kujerar da ta cece ni ta karya min baya

Assalamu alaikum. Na daɗe ban ce komai a nan ba. Masu tambaya ko ina raye, ku yafe ni. Ina ganin saƙonninku, amsawar ce ta gagare ni.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Nasiru, ɗan Birnin Kudu, matuƙin jirgin yaƙi. Irin ƙananan jiragen nan masu tsananin gudu, da aka ƙera don tare jirgin abokan gaba tun a sama. Nawa tsoho ne, amma makanikanmu suna ji da shi, bai kuma taɓa ba ni kunya ba.

Bara da damina mun tashi atisaye da safe, sai tsuntsu ya faɗa cikin injin. Injin ɗaya gare shi. Wuta ta kama, jirgin ya yi ƙasa. Na kautar da shi daga kan wani ƙauye, na ja hannun kujera, ta harbo ni waje da lemar sauka.

A gonar gero na faɗi. Na yunƙura zan tashi, ƙafar hagu ta ƙi.

Manoma suka rugo, bayin Allah, suka ciccibe ni suka ɗora a amalanke. Duk ramin da muka faɗa, sai na ji kamar ƙusa ake buga min a baya.

Da aka kai ni asibiti aka yi hoto, likita ya ce, "Ƙarfin harbin kujerar ya murƙushe maka ƙashin baya. Ɗaukar da aka yi maka kuma ta taɓa jijiya."

Na ce, "Yaushe zan koma tuƙi?"

Ya ce, "Bari mu ga tafiya tukuna."

Aka yi min tiyata, aka sa ƙarfe. Robar fitsari, allura, juyi daga wannan gefe zuwa wancan don kada gyambo ya fito. Matata Rabi ce ke wanke ni. Bango nake kallo har ta gama.

Akwai abokan da muka yi horo tare, jiragensu suka faɗi da su, muka yi musu sallah. Ranaku da yawa na ga kamar sun fi ni sa'a. Allah ya yafe min.

Da aka sallame ni, aka kawo ni gida wajen Inna, mahaifiyata. Idan aka tayar da injin niƙa a layinmu, sai jikina ya ɗauki rawa, gumi ya jiƙe ni. Na daina cin abinci. Na daina son baƙi.

Baffana ya taso daga Gwaram da mai ɗori. Rabi ta durƙusa ta ce, "Baffa, a yi haƙuri, akwai ƙarfe a bayansa, likita ya hana a taɓa." Ya tafi ransa a ɓace.

Wurin aiki sun ɗauki nauyin tiyata. Sauran hidimar, magani da zirga-zirgar gashin ƙashi, ita ta ci gonar da Baba ya bar mana a Kangire.

Wata rana Inna tana shafa min man kaɗe a ƙafa, ta tsaya. Ta ce, "Nasiru, sake yi." Ban san na yi komai ba. Ashe babban yatsana ne ya motsa. Ta kifa kai a gwiwata tana kuka.

Daga nan aka fara tsayar da ni. Yanzu ina takawa da sanda, ina jan ƙafar.

Likitocin aikinmu sun yanke hukunci: ba zan sake tuƙa jirgi ba. Mutane suna cewa na warke. Ni dai na tashi, amma idan na ji ƙarar jirgi a sama, ɗaki nake shigewa.

Na gode wa Allah. Na gode wa Inna, da Rabi, da ma'aikatan jinya, da manoman nan da ban ma san sunansu ba. Alheri suka nufa.

Don Allah, in kun tarar da wanda ya faɗo ko ya yi hatsari yana kukan baya ko wuya, kada ku ciccibe shi. In babu wuta ko wani haɗari kusa, ku bar shi a kwance, ku nemi ma'aikatan lafiya. In ɗaukar ta zama dole, a kan katako miƙaƙƙe, kai da jiki a saiti ɗaya.

In kuma wanda kuke jinya ya yi shiru ya daina cin abinci, ku gaya wa likita. Wannan ma ciwo ne.

Tuƙi kaɗai na iya a duniya. Har yanzu ban san me zan zama ba. Ku sa ni a addu'a.