Sifanar Masaƙa da Notin Motata

Wata uku da aurenmu, lokacin ina akawu a wata masaƙa a Sharada, aka sa ranar Lahadi amaryata za ta je ganin gida Kumbotso. Na yi mata alkawari ni zan kai ta a tsohuwar motata. A ƙananan littattafan soyayyar da nake saya a kasuwa, ango ba ya barin amaryarsa ta shiga motar haya. Har na gama tsara tafiyar a raina: tana gefena cikin atamfa ruwan goro, turarenta ya cika motar, ƙannenta suna rugowa tun daga bakin gari.

Sai dai shokozobar baya ta mutu. Ko ɗan rami muka faɗa, sai motar ta yi ta tsalle kamar ɗan akuya. Na sayo sabuwa, mai shago ya ce noti biyu kawai zan kwance. Ranar Asabar da muka tashi aiki da azahar, na ari sifanoni wurin dattijon da ke gyara mana injunan saƙa. Bai tambayi abin da zan yi da su ba, ni ma ban faɗa ba.

A ƙofar gida na ɗaga motar da jak, na cire taya, na shimfiɗa buhu na kwanta. Notin sama ya kwance lafiya. Na ƙasa tsatsa ta cinye shi. Sifanar ta shiga, amma tana ɗan lilo. Na danna, ta zame, yatsuna suka daki ƙarfe. Na zuba kananzir, na jira, na sake. Na zura hannun sifanar a cikin bututu, na taka da ƙafa. Duk zamewa ɗaya sai ta tafi da kusurwa ɗaya, har notin ya mulmule kamar ƙwallon goriba. Filaya ma ta ƙi kama shi.

Amarya ta leƙo daga zaure da kwanon ruwa.

"Sannu da aiki, bakanike. In ɗora tuwo, ko in jira a gama ƙera motar?"

"Saura kaɗan," na ce, ina ɓoye hannun da ke jini.

Bayan la'asar maƙwabcina mai walda ya dawo. Ya tsuguna, ya ɗauki sifanar ya juya ta, ya kwashe da dariya.

"Malam Akawu, ina ka samo wannan?"

"A wurin aiki."

"Haba! Injunanku na Ingila ne, awonsu inci. Motarka kuwa ta Faransa ce, awonta daban. Ai da ka tambaya kafin ka yi wa notin aski."

Na ce to yanzu fa? Ya ce abu mai sauƙi ne, zai liƙa wani noti a kan wannan da walda, a kwance su tare, ba zai ɗauki minti biyar ba. Amma tun safe babu wuta a unguwar.

Na ƙi haƙura. Na ɗauko guduma da zarto, na yi ta fama har aka kira magariba. Abin da na samu kawai shi ne na lauye ƙarfen da ke riƙe da shokozobar, ta yadda ko tsohuwar ba ta mayuwa.

Da safe amarya ta yi kwalliya. Na ɗaukar mata tsarabarta muka taka zuwa titi, baƙin mai cike da farcena. Bas ta zo, wurin mutum ɗaya ya rage, can baya kusa da buhunan dusa. Ta tattare zanenta ta shiga. Kwandasta ya buga ƙofa kafin in gama cewa ta gaida su Baba.

Wuta ba ta dawo ba sai ranar Litinin, ina ofis.